ME YA SA TUMATIR YAKE JA, GANYE YAKE KORE, ALHALI RANA ƊAYA CE TAKE HASKA SU?



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau zai ɗan kauce wa layin da muka saba, amma bai fita daga addini ba. Tambaya ce ƙarama, irin wadda yaro ɗan firamare zai yi wa mahaifinsa, uban ya tsaya yana sosa ƙeya. Idan ka shiga kasuwar kayan miya da hantsi, rana ɗaya ce take haska tiren mai tumatir da damin alayyafo da buhun gawayi da kwanon gishiri. Haskenta kuma fari ne. To, daga ina tumatir ya samo ja, alayyafo ya samo kore, gawayi ya zama baƙi, gishiri ya tsaya fari?

Wani zai ce, Malam, ai Allah ne Ya yi su haka. Gaskiya ne, babu musu. Sai dai Allah da Ya yi su haka Ya sanya wa abin sababi, kuma Ya neme mu da mu duba. Ka buɗe Suratu Faɗir aya ta 27 da ta 28, za ka ga an jero bambancin launin 'ya'yan itatuwa da na duwatsu da na mutane da dabbobi, sannan nan take aka zo da maganar cewa masu ilimi su ne masu tsoron Allah na haƙiƙa. Maganar launi ta sake zuwa a Suratun Nahli aya ta 13 da ta 69, da Suratur Rum aya ta 22, da Suratuz Zumar aya ta 21. Abin da Alƙur'ani ya maimaita haka, bai kamata mu wuce shi kamar ba mu gani ba.

Abin da nake so ka fita da shi daga wannan darasi guda ɗaya ne. Launi ba a jikin abu kaɗai yake zaune ba. Sai abubuwa uku sun haɗu ake samunsa: hasken da ya sauka, da abin da hasken ya sauka a kansa, da idon da yake kallo. Idan ɗaya ya canza, launin ma zai canza. In ka riƙe wannan, za ka ga yadda ya shafi cinikinka da lafiyar jaririnka da tsarkinka da yadda kake kallon ɗan'uwanka.

NA FARKO: HASKE

Mutanen da, har da manyan masanan Girka irin su Uƙlidis da Baɗlimus, sun ɗauka ido ne yake fitar da wani haske ya je ya taɓa abu, sannan a gan shi. Wanda ya rushe wannan fahimta da hujja da gwaji shi ne Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajajen shekarar 965 Miladiyya, ya rasu a Alƙahira wajajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya tabbatar da cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shigo ido. Kai ma shaida ne. Idan aka ɗauke wuta da dare, idonka a buɗe yake, lafiyarsa ƙalau, amma ba ka bambance jar hula da baƙa. Da ido ne mai fitar da haske, da ba ka nemi tocila ba.

To shi wannan farin haske, mene ne a cikinsa? Allah Yana nuna mana amsar kyauta duk damina. Bakan gizo ba komai ba ne illa hasken rana da ya shiga ɗigon ruwan sama, ya karkace, ya daki bayan ɗigon ya dawo, ya fito a warware. Shi ya sa ba ka ganinsa sai rana tana bayanka, ruwa yana gabanka. Wani malami Bafarishe, Kamaluddin Alfarisi, wanda ya yi sharhin littafin Ibnul Haisam a farkon ƙarni na 14, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya mayar da shi kamar ƙaton ɗigon ruwan sama, ya bi sawun haske a cikinsa har ya bayyana yadda bakan gizo yake faruwa.

Sai kuma Ishaƙ Niyuton na Ingila. Wajajen 1666 ya rufe ɗaki ya yi duhu, ya bar 'yar ƙaramar huda a taga, ya tare zaren hasken da yake shigowa da wani gilashi mai kusurwa uku. Hasken ya fita ta ɗaya gefen ya bazu a bango: ja, ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi, ruwan baba, shunayya. Mutanen zamaninsa suna cewa gilashin ne yake rina hasken. Sai ya ware launi ɗaya tak ya sake bi da shi ta gilashi na biyu, bai canza ba, ja ya shiga ja ya fito. Sannan ya tattaro launukan duka ya haɗe su wuri guda, sai ga farin haske ya dawo. Ya wallafa wannan a 1672. Ashe gilashi bai ƙara komai ba, abin da yake ciki ne kawai ya warware, kamar yadda ake warware igiya a ga zarurrukan da aka tufka ta da su.

Bambancin waɗannan launuka a ina yake? Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma kowane launi da tsawon takunsa, wato tazarar da take tsakanin tudun igiya da tudun da yake bin sa. Ana auna wannan da nanomita, ita kuwa nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Ja shi ne mai dogon taku, wajen nanomita 700. Kore yana wajen 530, shuɗi wajen 460, shunayya kuma wajen 400. Don ka gane ƙanƙantar abin, kaurin silin gashi guda zai ɗauki irin wannan taku sama da ɗari. Abin da ya fi ja tsawo, ko ya fi shunayya gajarta, yana nan a cikin hasken rana, amma idon ɗan Adam ba ya ganinsa.

A nan zan ja kunnen 'yan'uwana masu son haɗa komai da lamba bakwai. Za ka ga ana yaɗa rubutu cewa launuka bakwai ne saboda sammai bakwai ne. Mu yi hattara. Launukan bakan gizo ba su da katanga a tsakaninsu, wani yana narkewa ne cikin wani. Shi kansa Niyuton biyar ya fara ƙirgawa, daga baya ya ƙara biyu don lissafin ya dace da matakan sautin kiɗan Turawa guda bakwai. Alƙur'ani gaskiya ne da kansa, ba ya buƙatar mu ɗora masa abin da bai faɗa ba.

NA BIYU: ABIN DA HASKEN YA SAUKA A KANSA

Yanzu mun san farin haske tarin launuka ne. Idan ya sauka a kan abu, ɗayan uku ne yake faruwa ga kowane launi: ko abin ya shanye shi, ko ya mayar da shi, ko ya bar shi ya ratsa ya wuce kamar yadda gilashin taga yake yi. Abin da aka mayar shi ne yake iso ga idonka, shi ne kuma kake kira launin abin.

Ɗauki tumatir nunanne. A jikinsa akwai wani sinadari da yake shanye shuɗi da kore, ya ƙyale ja. Jan nan da ya ƙi sha shi ne ya dawo maka, sai ka ce tumatir ja ne. Ganye kuwa akwai sinadarin kulorofil a cikinsa, wanda yake kama ja da shuɗi da ƙarfi, da su ne ma tsiro yake haɗa abincinsa daga ruwa da iska. Mafi yawan abin da ya tsira ya dawo kore ne. Idan kaka ta yi, ganye ya fara bushewa, kulorofil ɗin ya lalace, sai rawayar da take ɓoye a ƙarƙashinsa tun farko ta fito fili. Haka ayaba da mangwaro suke tashi daga kore su koma rawaya.

Gishiri da alli da nono suna watso kusan dukkan launukan daidai wa daida, sai ka gan su fari. Gawayi yana shanye kusan duka, ɗan kaɗan yake mayarwa, sai ka gan shi baƙi. Shi kuma hasken da aka shanye ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa. Wanda ya taɓa sa baƙar jallabiya a ranar watan Afrilu, ko ya dafa baƙar mota da azahar, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka tuna kuma ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da sa fararen tufafi. Muna bin sunna ne don sunna ce, amma ga wani amfani nan a fili ga mutanen ƙasar zafi.

Tunda sinadarin da yake jikin abu shi yake zaɓar abin da za a sha da abin da za a mayar, to in ka taɓa sinadarin, launi zai motsa. Uwargida ta san wannan ko ba ta shiga ajin kimiyya ba. Manja ja ne saboda sinadarin karotin, wanda shi ne kuma yake cikin karas, amma in ya daɗe a wuta yana soyuwa sai jan ya gudu, domin zafi ya farfasa sinadarin. Ki ɗebi zoɓo a kofi biyu, ki matsa lemon tsami a ɗaya, ki ɗiga ruwan kanwa a ɗayan. Na lemon tsami zai ƙara ja, na kanwa zai yi duhu ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Zoɓon ɗaya ne, hasken ɗaya ne, sinadarin ne ya canza siffa, sai abin da yake sha ya canza. A marinar Ƙofar Mata a Kano, idan marini ya tsamo zane daga ramin baba, da kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. Shi kuma wannan shuɗin, baba ne ya shanye ɓangaren ja da ruwan lemo da rawaya, ya mayar maka da saura.

Ga wani tsokaci, kuma wa'azi ne kawai, ba tafsiri ba. Sunan da kake kiran abu da shi, sunan abin da ya bayar ne. Abin da ya riƙe ba a ganinsa. Tumatir ya riƙe shuɗi da kore, amma babu mai ce masa shuɗi. Haka ɗan Adam yake. Jama'a ba sa saninka da abin da ka tara a asusu ko ilimin da ka ƙunshe a ƙirji, da abin da ya fito daga wurinka ya iso gare su suke saninka.

GWAJIN DA ZA KA YI YAU DA DARE

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ka nemi tumatir ɗaya, ganye ɗaya, da farar takarda. Ka nemo hoton ja zalla ya cika fuskar wayarka, ka ƙure haskenta, ka kashe fitilar ɗaki, ka haska su. Tumatir zai fito da haske, ganye zai yi duhu kamar baƙi, takarda kuma za ta zama ja. Sai ka canza hoton zuwa shuɗi zalla. Yanzu tumatir ne zai koma kusan baƙi, takarda ta zama shuɗiya.

Me ya faru? Ganye kore ya saba mayarwa, kai kuma ba ka ba shi kore ba, ja ka ba shi, ya shanye. Tumatir ja ya saba mayarwa, ka ba shi shuɗi, ya shanye. Takarda ba ta da zaɓi, duk abin da aka ba ta shi take mayarwa. Abu ba ya mayar da launin da ba a kawo masa ba. Wannan ne dalilin da ya sa a ƙarƙashin tsofaffin fitilun titi masu hasken ruwan ɗorawa, motoci suke komawa kusan kala ɗaya, har mutum ya rantse mota baƙa ce alhali shuɗiya ce. Mai ba da shaida a gaban alƙali ya kula da wannan.

Ka kira yaranka ku yi gwajin tare. In kun gama, ka ɗiga ɗan mitsitsin ruwa a kan farin wuri a fuskar wayar, ku duba da kyau. Za ku ga ƙananan ɗigo-ɗigo ja da kore da shuɗi. Farin da kake gani a waya, waɗannan ukun ne aka kunna tare. Amma in ka cakuɗa fenti ja da kore da shuɗi a bokiti, wani abu mai duhu kamar taɓo za ka samu. Dalili shi ne haɗa haske ƙari ne a kan ƙari, shi kuwa fenti kowanne yana shanye nasa kason, in suka taru sai su cinye kusan duka.

NA UKU: IDO

A can bayan ido akwai wani siririn shimfiɗi mai ɗauke da ƙwayoyi masu jin haske, iri biyu. Iri na farko su ne masu gane launi, yawansu wajen miliyan 5 zuwa 6 a kowane ido, kuma gida uku ne: masu jin gajeren taku wato ɓangaren shuɗi, masu jin matsakaici wato ɓangaren kore, da masu jin dogo wato ɓangaren rawaya da ja. Ƙwaƙwalwa ce take auna ƙarfin saƙon kowane gida, ta fitar maka da launi. Da ma'aikata gida uku kacal kake bambance duk kalolin atamfar da suke Kantin Kwari. Subhanallah.

Iri na biyu sun ninka na farko kusan sau ashirin, su ne masu aiki a duhu-duhu, amma ba su san launi ba. Shi ya sa a farin wata kana ganin bishiya da katanga da akuya, amma duk kamar an shafa musu toka.

Akwai mutanen da aka haifa ɗaya daga cikin gidajen nan uku bai cika aiki ba, sai ja da kore su riƙa rikice musu. Gado ne, kuma ya fi yawa ga maza. Wani masanin Ingila, Jon Dalton, ya bayyana wannan a kansa a 1794. Saboda haka malamin makaranta da iyaye, in yaro yana ta kuskuren kala, kafin a ce masa daƙiƙi a kai shi a duba idonsa. Kuma kada ka zaci abin da kake gani shi ne iyakar abin da yake akwai. Kare gida biyu gare shi. Ƙudan zuma kuwa yana ganin hasken da ya wuce shunayya, yana ganin zane a jikin fure wanda kai ba za ka taɓa gani da idonka ba.

Ita ma ƙwaƙwalwa takan yi nata gyaran. Tana ƙiyasta irin hasken wurin ta cire shi daga lissafi, shi ya sa farar riga take zama fara a idonka ko a hasken fitilar ƙwai. Wani lokaci ƙiyasin mutum biyu yakan saɓa. Masu dogon zama a intanet za su tuna hoton wata riga a 2015 da duniya ta rabu biyu a kansa, wasu suna ganin fari da ruwan zinare, wasu shuɗi da baƙi. Rigar shuɗiya ce da baƙi, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ba kowane wanda ya saɓa maka ne maƙaryaci ba.

INA RUWANMU DA WANNAN?

Na farko, ciniki. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin cewa in za a sayi shadda ko leshi, sai a fito da shi bakin shago a duba a rana. Hikima ce, domin hasken rana yana ɗauke da dukkan launuka, ƙwan lantarki kuwa wani ya fi yawan rawaya, wani ya fi yawan shuɗi. Yadi biyu za su iya zama kala ɗaya a cikin shago, a fito waje kowa ya kama gabansa. To, ɗan kasuwar da ya san haka, ya zaɓi ƙwan da zai ɓoye koɗewar kaya, ko mai naman da ya rataya jan ƙwai don naman jiya ya yi kamar na yau, ya sani fa wannan algus ne. Haka 'yar'uwa mai sayar da kaya a waya, wadda take ƙara wa hoto kala har atamfar da aka kawo ta zama ba ita aka gani ba. Haka mai tura hoton neman aure da aka wanke shi har mai shi ma ba zai gane kansa ba.

Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da tarin abinci, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tuhume shi a kan me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama ba inda mutane za su gani, kuma ya barranta daga mai algus. Ka lura, mutumin nan bai furta ƙarya ba, jera kayan kawai ya yi yadda ido ba zai ga aibin ba. Mai wasa da fitila shi ma abin da ya yi ke nan. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan tadlisi, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Ɗan'uwa ɗan kasuwa, in mai saye ya ce zai fita da kaya rana, kada ka ɓata rai. Kai ma ka ce masa ya fita da shi.

Na biyu, kuma wannan ina roƙon iyaye mata da kakanni da ungozoma su ji da kyau: shawarar jarirai. Jariri sabon haihuwa yakan tara wani sinadari a jini mai shanye shuɗin haske, sai fatarsa da farin idonsa su koma rawaya. Mu kuma al'adarmu mai jego da jariri suna cikin ɗaki har suna, labule a sake, ƙwai mai hasken rawaya a kunne. A irin wannan haske komai rawaya-rawaya ne, ba za a gane ba. Ga kuma duhun fata yana ƙara ɓoye abin. Don haka a kwanakin farko, kullum da safe a kawo jariri kusa da taga ko bakin ƙofa inda hasken rana yake, a duba farin idonsa da dasashinsa, a ɗan danna goshi ko karan hanci a saki a ga kalar wurin. In an ga rawaya, musamman a ranar farko, ko ta sauko har ciki da tafin hannu da ƙafa, ko yaro ya ƙi kama nono yana ta barci, to asibiti nan take. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce sai an yi suna. Shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana jawo kurumta ko naƙasa ta har abada, har da rasa rai. A asibiti kuwa sau da yawa da shuɗin haske ake maganinta, domin shi sinadarin yake sha, sai ya canza siffa jiki ya iya fitar da shi. Duba jaririn nan na minti biyu a hasken rana yana cikin riƙon amanar da Allah Ya ba ku.

Na uku, tsarki. A mazhabarmu ta Malikiyya ana duba ruwan alwala ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Ruwan da yake cikin koren bokiti ko baƙar jarka ba a yanke masa hukunci a nan, sai ka ɗebo a tafin hannu ko farin kwano ka duba a haske mai kyau. Haka 'yan'uwa mata wajen duba ɗaukewar al'ada. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa 'yar Zaidu bin Sabit ta ji labarin wasu mata suna neman fitila da tsakar dare don duba tsarki, sai ta aibata hakan. Malamai masu sharhi sun ce akwai ƙuntata wa kai a ciki, wasu kuma suka ƙara da cewa da dare ba a tantance fari tas daga waninsa, sai mace ta zaci ta yi tsarki alhali da saura. Fitilarsu ta mai ce, haskenta rawaya, a ƙarƙashinsa fari da fatsi-fatsi kusan ɗaya suke. Ka ga fiƙihu da kimiyya sun haɗu a wuri guda.

Na huɗu, launin fata. Abin da ya bambanta baƙi da wankan tarwaɗa da fari sinadari ɗaya ne mai suna melanin. Ƙwayoyin da suke yin sa kusan yawansu ɗaya ne a jikin kowa, yawan abin da suke fitarwa ne da irinsa ya bambanta. Mai yawansa fatarsa tana shanye haske da yawa, ta mayar da kaɗan, sai a ce masa baƙi. Wannan shanyewar kuma garkuwa ce daga ɓangaren hasken rana mai ƙuna wanda ido ba ya gani. 'Yan'uwanmu zabiya da suka rasa shi, kowa ya san irin wahalar da suke sha da rana, kuma haƙƙinsu ne a taimaka musu da inuwa da hula da sutura, a daina tsokana da camfi. To, 'yar'uwa mai shafe-shafen bilicin, garkuwar nan ce fa kike kankarewa da kuɗinki. Da yawan mayukan nan suna ɗauke da sinadaran da suke hana jiki yin melanin, wasu suna sirantar da fata har rauni ya ƙi warkewa, wasu kuma akwai zaiba a ciki mai lalata ƙoda. Ku kuma maza masu cewa sai fara ko mayya ce, kuna da kaso a wannan ɓarna. Allah Ya kira bambancin launinmu aya a Suratur Rum, Ya kuma sanya taƙawa ta zama ma'aunin ɗaukaka a Suratul Hujurat aya ta 13. Yaya za a yi Musulmi ya raina ɗan'uwansa, ko ya raina kansa, a kan yawan hasken da fata ta mayar?

'Yan'uwa, wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Gobe in Allah Ya kai mu, bayan sallar asuba kada ka yi saurin komawa barci. Ka ɗan tsaya a ƙofar gida ka ga yadda komai yake toka-toka, sannan a hankali bishiya ta karɓi korenta, ƙasa ta karɓi janta, kowane abu ya ɗauki abin da aka rubuta masa ya mayar da saura, babu mai karɓar rabon wani. Wannan yana faruwa kowace safiya, da hasken da ya yi tafiyar kilomita miliyan 150 cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu, kuma ba a taɓa aiko maka da takardar biyan kuɗi ba. Ka yi tasbihi, ka gode wa Wanda Ya ba ka ido.

Allah Ya amfanar da mu da abin da muka sani, Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya tsare mana ganinmu da jinmu, Ya tsarkake cinikinmu daga algus, Ya raya mana zuriya cikin lafiya da imani. Wanda ya san gidan da aka yi haihuwa a kwanakin nan, don Allah ya isar musu da maganar duba jariri a hasken rana.

Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum warahmatullah.